Zaren fatsa na fuloro: yadda ake gane na ƙwarai da yadda ake hana shi tsinkewa a ƙulli

Zaren fulorokabon, wanda shagunan ƙasashe masu amfani da Faransanci ke rubutawa fluorocarbone, masu saye kuma su taƙaita su ce fuloro, wani nau'in zaren kamun kifi ne da ake ɗaura ƙugiya a jikinsa. A ido yana kama da zaren nailan da kowa ya sani, amma ya fi shi tsada ninki biyu, uku, wani lokaci ma fiye. Masu sayarwa kan ce kifi ba ya ganinsa a ruwa, kuma dutse ba ya cin sa da wuri. Akwai gaskiya a maganar. Sai dai ƙorafi biyu na yawan biyo baya: ko dai abin da aka saya nailan ne aka yi wa kwalin fuloro, ko kuma zaren na ainihi ne amma ya tsinke a daidai ƙulli lokacin da babban kifi ya kama.

Maganar ta shafi Hausawan Lome ta hanya biyu. Akwai masu zuwa su da kansu, a teku, a tafki ko a kogi. Akwai kuma 'yan kasuwa, na Hanoukopé da na Agoè-Zongo inda aka mayar da tsohon Zangon birnin a 1977, waɗanda ke sarar kayan da suka sauka a tashar jiragen ruwan Lome su tura arewacin Togo, Ghana, Benin, Burkina Faso da Nijar. Ga masunci, ƙullin da ya tsinke na nufin cinikin wuni guda ya tafi da ƙugiya a baki. Ga ɗan kasuwa kuwa, zaren jabu na nufin abokin ciniki ba zai sake dawowa ba. Duka matsalolin biyu ana iya magance su da gishiri, ruwa, jarka da ɗan haƙuri wajen ɗauri.

Mene ne fuloro?

Ana yin zaren ne da wata roba mai suna PVDF. Kamfanin Kureha na Japan ne ya fara fitar da shi a matsayin zaren kamun kifi a 1971, da sunan Seaguar. Nailan ya riga shi da daɗewa, domin kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro shi tun a shekarun 1930. Bambancin zaren biyu ya ta'allaka ne a kan abubuwa huɗu.

Na farko shi ne yadda haske ke ratsa shi. Ma'aunin lanƙwasar haske na ruwa 1.33 ne, na fuloro kimanin 1.42, na nailan kuwa ya haura 1.5. Tunda na fuloro ya fi kusa da na ruwa, bai cika ƙyalli a cikinsa ba. Wannan ba ya nufin ya ɓace gaba ɗaya: zare mai kauri ana ganinsa ko da wane iri ne.

Na biyu nauyi. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, nailan yana da 1.14, fuloro 1.78, zaren kitso kuma, wato wanda aka kitsa da siraran zaruruwa masu yawa, Faransawa na ce masa tresse, yana da 0.97. Saboda haka fuloro na nutsewa da sauri, nailan a hankali, zaren kitso kuwa yawo yake yi a sama.

Na uku, fuloro kusan ba ya shan ruwa, kuma rana ba ta lalata shi da wuri. Nailan yana shan ruwa ya yi laushi, ƙarfinsa ya ɗan ragu, sannan idan ya daɗe a rana yakan rube.

Na huɗu tauri. Fatar fuloro ta fi ta nailan tauri, abin da ya sa yake jure gurzuwa a jikin dutse da itace. Amma wannan taurin shi ne kuma tushen matsalarsa a ƙulli, kamar yadda bayani zai zo.

Inda ya cancanci kuɗinsa

Masu amfani da fuloro ba sa cika faifai gaba ɗaya da shi. Uwar zare, wato dogon zaren da ke hannu ko a injin naɗi, takan kasance nailan ko kitso. Fuloro kuma a sa shi a matsayin zaren gaba, guntun da ke tsakanin uwar zare da ƙugiya, wanda Faransawa ke kira bas de ligne. Tsawonsa kan kama daga rabin mita zuwa mita biyu. Da wannan lissafi, faifan mita 25 ko 50 zai daɗe ana amfani da shi.

Ruwan da ake su a ciki shi ke nuna ko ana bukatarsa. Tafkin Lome da ya yi iyaka da Hanoukopé ta arewa ruwa ne mai duhu, kore-kore. A irin wannan ruwa, rashin ƙyallin fuloro ba ya ƙara komai, nailan mai kyau ya wadatar. Haka lamarin yake a kogin Oti wajen Mango, ko kogin Neja wajen Gaya da Yawuri, a lokacin damina da ruwa ke zuwa ja da laka. Tarwaɗa da kurungu ma da ƙamshi da gashin baki suke neman abinci, ba su damu da ganin zare ba.

Amfaninsa na fitowa ne a wurare biyu. Ɗaya shi ne ruwa mai haske, kamar koguna da madatsun ruwa a lokacin rani bayan laka ta kwanta, ko teku idan an yi nisa da gaɓa, inda kifaye masu farauta da ido, irin su giwan ruwa, kan ƙi abincin ƙugiya idan sun hango zare. Ɗayan shi ne wuri mai cin zare. A gabashin tashar jiragen ruwan Lome, daga Baguida zuwa Agbodrafo da Aného, zaizayar teku ta tono wani shimfiɗaɗɗen dutse a bakin gaɓa, ga kuma duwatsun da aka jibge don kare gaɓar. Masu fita daga sabuwar tashar masunta ta Gbétsogbé, wadda aka buɗe a 2019 da tallafin Japan, da masu jefa fatsa daga tudu, duk suna haɗuwa da wannan dutse. A madatsar Nangbéto ta kogin Mono da aka gama a 1987, da tafkin Volta na Ghana inda Hausawa ke zaune a garuruwa irin su Yeji, itatuwan da ruwa ya shanye ne ke cin zare.

Akwai abin da fuloro ba ya iyawa. Haƙoran barakuda a teku da na tsage a kogi suna yanke shi kamar yadda suke yanke nailan, sai dai in ya yi kauri sosai. Waɗannan kifaye guntuwar wayar ƙarfe suke bukata a gaban ƙugiya. Haka kuma mai kafa mamari da ƙugiyoyi ɗari-ɗari ba zai fitar da kuɗinsa ba idan ya ce da fuloro zai ɗaura kowace ƙugiya.

Karanta lambobin da ke jikin faifai

Zaren da ke shigowa Lome na zuwa da ma'auni iri-iri, kuma wannan kan rikita mai saye. Na Faransa yana nuna kauri da kashi ɗari na milimita: 30/100 na nufin milimita 0.30, wanda za a ga an rubuta 0,30 mm da waƙafi. Na Amurka da Ingila yana nuna ƙarfi da laba, ana rubuta lb, kuma laba ɗaya giram 454 ce. Na Japan yana da lambarsa ta daban, inda lamba 1 ke daidai da milimita 0.165. Ga yadda suke haɗuwa a zaren fuloro na ƙwarai, bisa kusanci:

- Lamba 2: milimita 0.235, laba 8, kilo 3 da rabi
- Lamba 3: milimita 0.285, laba 12, kilo 5 da rabi
- Lamba 4: milimita 0.33, laba 16, kilo 7
- Lamba 5: milimita 0.37, laba 20, kilo 9
- Lamba 8: milimita 0.47, laba 30, kilo 13 zuwa 14
- Lamba 10: milimita 0.52, laba 35, kilo 16
- Lamba 14: milimita 0.62, laba 50, kilo 22 zuwa 23

A dogara da kauri fiye da kilon da aka rubuta. Kauri ana iya auna shi, kilo kuwa abin da mai kwali ya ga dama ne ya buga. Ƙarfin zare yana tafiya ne da faɗin cikinsa, don haka idan kauri ya ninka sau biyu, ƙarfi kan ninka kusan sau huɗu. Faifan da ya ce milimita 0.30 amma yana ɗaukar kilo 20 ƙarya yake yi, domin fuloro mai wannan kauri bai wuce kilo 6 ba. Sannan kilon da kamfanonin gaskiya ke rubutawa na zare ne miƙaƙƙe, ba tare da ƙulli ba.

A duba kalmomin da ke kwalin. Wanda aka rubuta 100% fluorocarbone shi ke iƙirarin zama tsantsa. Idan aka ga revêtu, gainé, hybride ko coated, to nailan ne aka shafa wa fuloro a waje. Wannan ba jabu ba ne matuƙar an faɗa, kuma zare ne mai amfani, amma farashinsa ya kamata ya tsaya kusa da na nailan. Faifan mita 300 ko 500 da ake sayarwa da kuɗin nailan, an kuma rubuta fuloro a kai, abin zargi ne. Araha ba ta ado. Sunayen Seaguar, Sunline, Toray, Varivas ko Berkley sanannu ne a wannan fanni, amma sanannen suna ne masu jabu suka fi kwaikwaya, don haka suna shi kaɗai bai isa shaida ba.

Gwaji uku kafin a sayi da yawa

Gwajin gishiri. A zuba ruwa a kofin gilashi, a riƙa ƙara gishiri ana damawa har ya daina narkewa, wato kimanin giram 350 a lita ɗaya. Nauyin wannan ruwa ya kai 1.2, ya fi na nailan ke nan, ya kuma gaza na fuloro nesa. A yanki guntun zare kamar santimita biyu, a tura shi ƙarƙashin ruwan da tsinke don kada ya maƙale a sama ko kumfa ta riƙe shi. Fuloro zai sauka ƙasan kofi kai tsaye. Nailan zai taso. Wanda aka shafa wa fuloro zai taso ko ya tsaya yana lilo a tsakiya. Ruwan teku bai isa wannan gwaji ba, domin gishirinsa kaɗan ne, nailan ma na nutsewa a cikinsa.

Gwajin kauri. A naɗa zaren sau 20 a jikin fensir ko ƙusa, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa ba tare da hawa kansa ba. A auna faɗin naɗin da rula, a raba gida 20. Zaren milimita 0.50 zai ba da santimita ɗaya cif. Idan ya ba da milimita 12, to kaurin zaren 0.60 ne, an rage lambar a kwali don ƙarfinsa ya burge mai saye. Yana da kyau a maimaita a wurare biyu ko uku na faifan, saboda zare maras inganci yakan yi kauri nan, ya yi siriri can.

Gwajin sikeli. A ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, mita 10 na fuloro mai kaurin 0.50 kan yi kusan giram 3.5, na nailan kuma giram 2.2. Ɗan kasuwar da zai sari katan guda ya kamata ya haɗa wannan da gwajin gishiri.

Wasu kan gwada da ashana, tunda nailan na narkewa ya ɗiga, fuloro kuma ya yi baƙi ya mutu da kansa idan an janye wuta. Gara a bar wannan hanya: hayaƙin fuloro yana ɗauke da iska mai guba da ke ƙona hanci da huhu.

Abin da ke tsinka shi a ƙulli

Kowane ƙulli yana rage ƙarfin zare, domin zaren na lanƙwasa sosai a cikinsa, nauyi kuma ya taru a bayan lanƙwasar. Ƙulli mai kyau yakan bar kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na ƙarfin zaren. Ƙulli sau ɗaya irin na bakin buhu, wanda iska ko juyawar zare kan haifar a tsakiya ba a sani ba, yana iya cinye rabin ƙarfin. A fuloro, abubuwa huɗu ne ke ƙara munin lamarin.

Zafi shi ne na farko. Fuloro na narkewa a wajen digiri 170 na ma'aunin Salshiyos, nailan kuwa sai ya kai 220 ko fiye. Idan aka fizge ƙulli a bushe, gogayyar zare da zare takan ɗumama fatarsa a ɗan ƙaramin wuri har ta raunana. Ido ba ya ganin ɓarnar, sai dai wani lokaci a ga zaren ya ɗan murɗe ko ya yi fari-fari a saman ƙullin.

Na biyu, hawan zare kan zare. Nailan mai laushi yakan baje idan wani zagaye ya hau wani. Fuloro mai tauri kuwa yanka kansa yake yi.

Na uku, santsi. Zagayen da bai zauna sosai ba zai zame a lokacin da kifi ya fizga, kuma wannan zamewar ta farat ɗaya ko ta warware ƙullin ko ta ƙona shi.

Na huɗu, fuloro yana miƙewa idan an ja shi da ƙarfi, amma ba ya komawa yadda yake kamar nailan. Zaren da aka ja har kusa da tsinkewa, misali wajen ciro ƙugiyar da ta maƙale a dutse, ya riga ya sirance. Ko bai tsinke a ranar ba, ƙarfinsa ya ragu.

Dokokin ɗauri

A jiƙa ƙulli da yawu ko ruwa kafin a tsuke shi, a kowane lokaci. A ja a hankali da hannu ɗaya tsayayye, ana kallon zagayen suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya. Idan sun hau juna, a yanke a sake. Bayan ya zauna, a ja shi da ƙarfi sau ɗaya, a naɗa zaren a tsumma ko sanda don kada ya yanki hannu. A bar jela, wato bakin zaren da ya rage, ta kai milimita 3 zuwa 5, a yanke ta da almakashi ko abin yankan farce. Cizo da haƙori yana baje bakin zaren, kusantar da wuta kuma yana raunana ƙullin. A duba idon ƙugiya tukuna: tsatsa ko bakin ƙarfen da bai rufe daidai ba yana yanke zare komai kyan ƙulli. Zare siriri yana son zagaye da yawa, mai kauri kuma kaɗan, domin zagaye da yawa a zare mai kauri ba sa tsukewa.

Ƙullin ƙugiya

Ƙullin Palomar ya dace da zare har zuwa kaurin 0.45. A ninka zaren kamar santimita 15, a cusa ninkin ta idon ƙugiya. A yi ƙulli sau ɗaya sako-sako da ninkakken zaren, ƙugiya na rataye a tsakiya. A zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin zoben da ya rage a bakin ninkin, a ɗaga zoben ya wuce saman ido. A jiƙa, a ja jela da uwar zare a hankali. Sharaɗinsa ɗaya ne: zaruruwa biyun da ke cikin idon su kwanta gefe da gefe. Idan sun gitta juna, nan ne zai tsinke.

Ƙullin da Faransawa ke kira nœud universel yana aiki a kusan kowane kauri. A zura jela ta ido, a kwantar da ita a gefen uwar zare tsawon santimita 20. A lanƙwaso ta baya ta yi zobe a kan zaruruwan biyu. A naɗa jelar a kan zaruruwan biyu ta cikin zoben, sau 6 ga siririn zare, sau 4 ga wanda ya kai 0.50 ko fiye. A jiƙa, a ja jela har naɗin ya taru amma bai ƙulle ba, a sake jiƙawa, sannan a ja uwar zare ƙullin ya gangara zuwa ido. Zura zaren sau biyu ta idon kafin a fara naɗi yana ƙara masa riƙo.

Ƙullin murɗi da yawancin masunta suka saba da shi, nœud de cuiller, inda ake murɗa jela a kan uwar zare a mayar da ita ta ramin da ke kusa da ido, yana yi a nailan. A fuloro yakan zame, musamman idan kauri ya wuce 0.40. Mai son ci gaba da shi ya zura zaren sau biyu ta ido, ya yi murɗi 5 ko 6.

Ƙugiya maras ido, mai faffaɗan kai, ana naɗa zaren ne a jikin sandarta sau 6 zuwa 8. Dole zaren ya fito ta cikin faffaɗan kan, ɓangaren da ke fuskantar tsinin ƙugiya. Idan ya fito ta baya ko ta gefe, kaifin kan zai yanke shi.

Haɗa zaren gaba da uwar zare

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa ɗan ƙarfe mai juyawa, émerillon, a tsakani, a ɗaura kowane zare a zobensa da ɗaya daga cikin ƙullin da aka bayyana. Yana kuma hana zare murɗewa.

Idan ba a son ƙarfe, kuma kaurin zaren biyu ya yi kusa, a jera bakunansu su wuce juna, kowanne ya yi nœud universel a kan ɗan'uwansa, sannan a jiƙa a ja har ƙullin biyu su haɗu. Fuloro ya yi zagaye 4 ko 5, zaren kitso kuma 8 zuwa 10 saboda santsinsa.

Idan fuloro ya fi uwar zare kauri sosai, ƙullin Albright ya fi. A ninka bakin mai kaurin ya yi zobe, a zura siririn ta ciki, a naɗa shi a kan ninkin sau 10 zuwa 12 ana komawa wajen bakin zoben, a fitar da jela ta gefen da zaren ya shiga. Fitar da ita ta ɗaya gefen shi ne kuskuren da ke warware wannan ƙulli.

Masu sandar fatsa da injin naɗi suna son ƙullin FG, inda zaren kitso ke cizon fuloro da naɗi kusan 20 na gicciye, fuloro kuma yana miƙe bai lanƙwasa ba. Yana da ƙarfi kuma siriri ne, amma sai an koye shi a gida kafin a gwada shi a kwalekwale mai tangaɗi. Zaren da ya kai milimita ɗaya kuwa ya wuce ƙulli. Ana zura shi ne a guntun bututun ƙarfe a matse da filaya ta musamman.

Gwajin jarka

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkar lita 25 sikeli ce da ke kowane gida. A ɗaura zaren a zoben ƙarfe ko émerillon mai ƙarfi da ƙullin da ake son gwadawa, a haɗa zoben da hannun jarka da igiya. Kada a yi gwajin da ƙugiya, domin tana iya tsalle ta shiga ido idan zare ya tsinke. Ɗayan bakin a naɗa shi sau goma a jikin sanda mai santsi ba tare da ƙulli ba. A zuba ruwa lita-lita, ana ɗaga jarkar a hankali ɗan nesa da ƙasa bayan kowace zubawa. Yawan litar da zaren ya tsinke a kai, haɗe da nauyin jarkar, shi ne ƙarfinsa na gaskiya da wannan ƙulli da wannan hannu. A maimaita sau uku. Zaren kilo 9 da ya kai 7 ya yi kyau. Idan yana tsinkewa a 4 ko 5, a sake ƙulli, idan kuma bai canja ba, zaren ne.

Da wannan adadi ake saita birkin injin naɗi: ya fara sakin zare a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Mai su da hannu kuma ya bar zare ya riƙa zamewa a yatsunsa idan kifi ya yi gudun farko. Fizga ce ke tsinka ƙulli fiye da nauyin kifi.

Bakin da ya tsinke yana faɗin dalili

Idan zare ya dawo babu ƙugiya, a dubi bakinsa kafin a sake ɗauri. Baki mai nannaɗe kamar gammo na nuna ƙulli ne ya zame, ana bukatar ƙarin zagaye, jela mai tsawo ko tsukewa sosai. Tsinkewa tsaf a daidai inda ƙulli yake na nuna zafi ko hawan zare kan zare. Baki mai kaushi da ƙarce-ƙarce a sama da shi aikin dutse ne ko itace, sai a ƙara kauri ko tsawon zaren gaba. Yanka mai kaifi a karkace aikin haƙori ne, maganinsa waya. Bakin da ya sirance ya yi fari kuwa nauyi ne ya fi ƙarfin zaren.

Bayan kowane babban kifi ko maƙalewa, a bi zaren gaba da yatsu. Duk inda aka ji kaushi ko lanƙwasa, a yanke daga nan a sake ƙulli. Santimita 20 na zare ba su kai kuɗin ƙugiya da kifi ba.

Ajiya da zubarwa

Fuloro yana daɗewa a ajiye fiye da nailan, amma yana riƙe siffar faifan da aka naɗe shi. Faifai mai faɗi ya fi ƙarami, kuma kafin ɗauri a ja guntun a hankali tsakanin hannu biyu ya miƙe. A shago, nailan ne ya fi bukatar a ɓoye shi daga rana. Bayan su a teku, a ɗauraye ƙugiya da ƙarfen juyawa da ruwan daɗi, saboda tsatsarsu ce ke cin zare a fita ta gaba.

Juriyar fuloro ta sa guntun da aka yar a ruwa yakan nutse ya zauna shekaru masu yawa, yana sarƙe kifi, tsuntsaye da kunkurun teku da ke zuwa yin ƙwai a gaɓar Togo. A tara guntaye a gwangwani, a yayyanka su ƙanana a zuba a shara, kada a jefa su a murhu ko wutar banda.

Ɗan kasuwar da ke tura zare arewa zai taimaki kansa idan ya ajiye kofin ruwan gishiri da rula a shago, ya gwada faifai ɗaya daga kowane katan a gaban dillali kafin ya biya, ya kuma tambayi mai saye irin ruwan da zai yi su a ciki. Wanda zai kama tarwaɗa a ruwan laka a ba shi nailan. Wanda zai nemi giwan ruwa a Nangbéto da rani, ko zai jefa fatsa a duwatsun Agbodrafo, a ba shi mita 25 na fuloro da aka gwada, a tuna masa ya jiƙa ƙulli kafin ya ja.